Kafin ka zaɓi manhajar rubuta kod da murya, duba yadda take sauya yanayi

Wanda ciwon wuyan hannu ya raba da madannan kwamfuta yakan fara da tambayar wace manhaja ce ta fi jin magana. A ganina akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: ta yaya manhajar ke gane umarni kake ba ta ko shifta kake yi mata? Kana tsakiyar aiki ka ce ta koma layi na goma, sai ka ga ta rubuta maganar taka cikin fayil. Nan ne wahalar take.

Dragon, na kamfanin Nuance da Microsoft ya saya a 2022, yana da yanayi biyar: na gama-gari, na shifta, na umarni, na lambobi da na harrufa. A na gama-gari yana gane umarni ne idan ka ɗan dakata kafinsa da bayansa. Ga mai rubuta wasiƙa hakan ya wadatar, amma mai rubuta kod (rubutun da ake gina manhaja da shi) da ke jera umarni uku a numfashi ɗaya zai gaji da tsaye-tsayen. Dragon yana da tsada, kuma tun 2018 aka daina fitar da shi a Mac.

Talon ya fi kwanta mini, don shi bai yarda da kintace ba. A yanayin umarni, abin da ba umarni ba ne ba zai zama rubutu ba. Kalmomi kaɗan kake son sakawa? Ka ce "snake" sannan ka faɗi kalmomin, sai ya haɗa su da ƙaramin layi a ƙasa, ba tare da ka bar inda kake ba. Sai za ka rubuta dogon bayani ne za ka ce "dictation mode", wato yanayin shifta. Wani ya shigo ɗaki yana yi maka magana, ka ce "talon sleep" ya yi shiru har ka tashe shi. Kyauta ne, yana aiki a Windows, Mac da Linux, sai dai saita shi na son haƙuri, da haddar kalmomin da ake kiran harrufa da su, irin "air", "bat", "cap" a madadin a, b, c.

Voice Control na Apple da Voice Access na Windows 11 suna nan cikin na'urarka, kuma dukansu suna raba umarni da shifta. Fara da su ka gwada muryarka mako guda, ka ƙirga sau nawa kake sauya yanayi a awa ɗaya. Idan ya yi yawa har maƙogwaro ya bushe, ka koma Talon.