Carbin Rosari Daga Wani Shago a Lourdes

A wani ƙaramin shago a Lourdes, kudancin Faransa, na sayi wannan carbin rosari (carbin addu'ar 'yan Katolika) na itacen zaitun, bayan na yi addu'a a kogon Massabielle, inda Budurwa Maryamu ta bayyana ga wata yarinya mai suna Bernadette sau 18 a shekarar 1858. Ƙwayoyinsa 59 suna da santsi, kuma tazarar da ke tsakanin kowane goma ta isa yatsa ya gane ta ko a cikin duhu, abin da ya taimake ni ƙwarai a jerin gwanon kyandir na dare. Sarƙarsa dai siririya ce, har ta taɓa ɓallewa kusa da gicciyen, amma na gyara ta, kuma da shi nake addu'a kowace safiya.