Sharhi: Kamshaf mai digiri 268 a Golf 3, da gaske ɗaura-ka-tuƙa ne?

A jikin kwalin da kamshaf ɗin (sandar da ke danna bawul ɗin inji su buɗe) ya zo an rubuta cewa "bolt-on" ne. Masu ƙara wa mota gudu suna amfani da wannan kalma ga kayan da za ka kwance noti ka cire tsoho, ka ɗaura sabo, ka tayar da mota ka yi gaba, ba a buɗe cikin inji ba, ba a sake saitin komai ba. Salansa, filtar iska da bututunta duk suna cikin wannan sahu. Mu kira su ɗaura-ka-tuƙa. An saka kamshaf ɗin a Golf 3 mai injin 2.0, motar ta yi aiki a cikin garin Birnin Kebbi da kan hanyar Kalgo zuwa Jega tun hunturu har zafin bazara. Hukuncina: yana aikin da aka ce yana yi, amma sunan da aka laƙaba masa ba nasa ba ne.

Mai sayarwa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Injin Volkswagen mai bawul 8, wanda ke cikin yawancin Golf 3 da aka ƙera daga 1991 zuwa 1997, kamshaf ɗaya gare shi, a kwance a saman tof silinda. Da zarar an ɗaga murfin sama, ga shi nan. Ba sai an sauke tof ba, ba sai an kai wajen mai injin fiƙa ba, sabon ya zauna daram a gurbin tsohon. In wannan ne ma'auni, to ya ci sunansa. Sai dai salansa idan aka ɗaura ta a karkace, ƙara kawai za ta yi. Kamshaf idan aka ɗaura shi a karkace, bawul ne zai gaisa da fistin, kuma gaisuwar ba ta daɗi ba ce.

Lambar 268 tana nufin yawan digirin juyin karanshaf da bawul ke ɗauka a buɗe. Wannan kamshaf yana buɗe bawul da wuri, ya rufe a makare, ya kuma danna shi ƙasa kusan milimita 11, fiye da na kamfani. Idan aka jera su biyu a kan tebur ana gani da ido: tozo, wato kumburin jikin kamshaf da ke danna bawul, na kamfani siriri ne mai ɗan tsini, na sabon kuwa mai faɗin kafaɗa. Saboda haka lokacin da bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi ke buɗe tare ya ƙaru. A babban juyi wannan alheri ne, don hayaƙin da ke fita yana janyo sabuwar iska ciki. A silo kuma shi ne matsala, don iskar ba ta da gudun da za ta bi hanya ɗaya, sai hayaƙi ya riƙa komowa yana gauraya da ita. Duk yabo da duk kukan da za a yi wa wannan kaya daga nan suka samo asali.

Kafin a ba da kuɗi, a sa baniya, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a auna gindin tozon, wato ɓangaren da yake zagayayye. Tafet shi ne ɗan ƙoƙon ƙarfen da ke tsakanin tozo da bawul. Gindin tozon na tof mai tafet ɗin da ke aiki da matsin baƙin mai, irin na Golf 3, milimita 34 ne. Na tsofaffin injina masu tafet ɗin da ake sa wa shim (ɗan faifan ƙarfen saita giɓi), irin na Golf 1, milimita 38 ne. A ido kamar Hassan da Husaini, kuma a kasuwar 'yan gwangwan ana cakuɗa su. Idan aka sa mai 38 a tof ɗin Golf 3, bawul ba zai rufu ba ko kaɗan. Akwai kuma tsohon kamshaf da ake fiƙe gindinsa a sayar da sunan na gudu. Shi awonsa kan gaza 34, tafet ya kasa cike giɓin, inji ya kama kas-kas kamar keken ɗinki.

Abu na biyu shi ne sifirin ɗin bawul. Wasu tof ɗin sifirin biyu-biyu gare su, ƙarami a cikin babba, wasu na baya-bayan nan kuma guda-guda. Mai guda ɗaya ba a yi shi don ɗagawar milimita 11 ba. Zai iya matsewa har zobbansa su haɗe, ko ya kasa dawo da bawul a kan lokaci idan inji ya hau juyi. Ƙa'idar da masu haɗa inji ke bi ita ce a bar wa sifirin rarar kusan milimita 1.5 a lokacin da bawul ya kai ƙarshen buɗewa. Wanda tof ɗinsa ke buƙatar canjin sifirin ya riga ya fita daga maganar ɗaura-ka-tuƙa, domin sai an sauke tof, ko a riƙe bawul da iskar kwamfiresa ta ramin fulogi.

Kwalin kamshaf kaɗai ya ƙunsa. Sauran kaya daga aljihu ne: tafet sababbi guda 8, oyilsil na gaban kamshaf mai awon milimita 32 da 47 da 10, gaskit ɗin murfin sama, man shafa wa tozo, baƙin mai kusan lita 4 da filtarsa, sai taimin bel da ajastarsa tunda an riga an zo wurin. A lura da bel ɗin, na injin 1.8 haƙora 121 ne, na 2.0 kuwa 124. Tafet ɗin ne mutane suka fi yi wa rowa, kuma nan ne kuskuren ya fi tsada. A ɗauki tsohon tafet a goge shi, a karkata shi a rana. Za a ga zagayen da tsohon tozo ya ci a fuskarsa, wani lokaci har da ɗan kwarmi da farce ke ji. Sabon tozo ba zai hau wannan sawun daidai ba, sai ya riƙa gogar gefe guda har ya cinye kansa, garin ƙarfen kuma ya bi baƙin mai ya zagaye inji.

Aikin kansa ga yadda yake. A kawo fistin na 1 sama, a tabbatar da alamar da ke jikin filawil ta ramin da ke saman giyabos, da ta fulin kamshaf. A buɗe murfin distirbuta a yi wa inda rota ke kallo alama da fenti. A sassauta ajasta a zame bel. Notin fulin kamshaf yana da tauri, a riƙe fulin da abin riƙewa, kada a dogara da bel, kuma a kula da ɗan ƙaramin makullin ƙarfen da ke bayansa mai siffar rabin wata, don faɗuwa yake yi ya ɓace a ƙasar gareji. Marufan da ke danne kamshaf suna da lamba. A fara cire na 1 da na 3, sannan a sassauta na 2 da na 5 kaɗan-kaɗan, wannan rabin juyi wancan rabin juyi, saboda sifirin na tura kamshaf sama, kuma ƙarfen zubi ne, karyewa yake yi ba lanƙwasa ba. Wajen mayarwa tozayen silinda na 1 su kalli sama, kowane marfi ya koma gurbinsa ta fuskar da ya fito, don ramukansu ba a tsakiya suke ba.

Ɗauri kuma da sifana mai auna ƙarfi ake yi, ba da "hannuna ya saba" ba. Marufan kamshaf niyuton-mita 20, notin fuli 80, notin ajasta 45, murfin sama 10. Tof ɗin alminiyon ne. Marfin da aka matse fiye da kima yana shaƙe kamshaf, ya hana baƙin mai ratsawa. Jan bel daidai shi ne wanda za ka iya murɗa shi kwata ɗaya, digiri 90, da babban yatsa da manuni a doguwar tazararsa. Daga nan a juya inji da hannu sau biyu cikakku a sake duba alamomi. In an ji ya cije, a tsaya, kada a ƙara ƙarfi.

Sai jira. Littafin gyaran Volkswagen ya ce bayan an sa sababbin tafet kada a tayar da inji sai bayan kusan minti 30, don su sauke man da ke cikinsu su zauna, in ba haka ba suna iya riƙe bawul a buɗe. Wannan rabin awa ita ce mafi wuya a gareji. Mai mota yana juya makulli a yatsa yana cewa, "Oga, ai an ƙare, mi muka jira?" Amsar bakaniken kirki ita ce, "Alhaji, yi haƙuri ka zamna, tafet ɗin ga ba su zamna ba tukun." Da an tayar kuma kada a bar shi a silo. A riƙe shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti na tsawon minti 15 zuwa 20 don tozo da tafet su saba da juna cikin wadatar mai, ana kallon allurar zafi, sannan a juye man ba da daɗewa ba.

Abin da ya fi kayar da kanikawa a wannan inji ba kamshaf ba ne, sandar tsakiya ce. Taimin bel ɗin nan yana juya wata sanda ta uku da ke tuƙa distirbuta da famfon baƙin mai. Tana juyawa cikin sauƙi, da an zame bel sai ta gusa ba wanda ya lura. Alamomin sama da ƙasa su yi daidai, amma wuta ta riƙa zuwa ba a kan lokaci ba, mota ta ƙi tashi ko ta tashi ba ƙarfi, sai a ɗora wa sabon kamshaf laifi. Fentin da aka sa wa rota tun farko shi ne maganin wannan. Haka nan tsallaken haƙori ɗaya a fulin kamshaf ya kai kusan digiri 16 na karanshaf. Bayan komai sai an saita wuta da fitilar taimin, ba da kunne ba. A injin 2.0 mai lamba 2E, mai tsarin sarrafa mai da wuta na Digifant, digiri 6 ne kafin fistin ya kai sama.

A kan hanya, yabo ya tabbata. Daga juyi 3,500 zuwa sama motar ta zama wata daban. Inda a da take fara shaƙewa, yanzu ja take yi har allura ta kusa jan layi. Wuce tirela a giya ta uku bayan Kalgo ya zama abu mai sauƙi, kuma sautin injin ya yi kauri.

Cikin gari labarin ya sha bamban. A silo sandar giya rawa take yi a hannu, madubi na karkarwa. Tashi daga tsaye yana son ƙarin totur da jan kuloci, abin da ke cin faranti a cinkoson bakin kasuwa. Kunna esi a zafin Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, yana sa allura ta faɗi kamar motar za ta mutu, sai an ɗan ɗaga silo. Akwai wanda ba a cika faɗa ba: sabo, wato na'urar da ke sauƙaƙa taka birki, da zuƙar iskar inji yake aiki, kuma wannan kamshaf yana rage zuƙar a silo, don haka idan aka taka birki sau biyu ko uku a jere ana tafiyar hawainiya, feda kan yi ɗan tauri. Shan mai a cikin gari ya ƙaru, a doguwar hanya bambancin kaɗan ne in an riƙe ƙafa. Birenbos ɗin da lissafin tsohon kamshaf yake aiki, cikakkiyar riba ba ta fitowa sai an sake masa saiti, kuma salansar da ta toshe ko filtar da ƙurar hunturu ta cika suna cinye ƙarin tun bai iso taya ba.

Wannan fa a injin da ya fi kowanne sauƙi ke nan. A Corolla mai injin 1ZZ-FE kamshaf biyu ne, da sarƙa, da na'urar VVT-i mai sauya lokacin buɗe bawul, kuma giɓin bawul ba ya saituwa sai an canza tafet ɗin kansa, wanda Toyota ke yi a kauri iri 35. A manyan injinan Amurka masu silinda 8 na tsohon tsari kuwa, kamshaf a tsakiyar bulok yake, sai an cire lagireto kafin a zaro shi ta gaba.

Mai Golf 2.0 mai ƙarfin doki 115, wanda yawancin tafiyarsa doguwar hanya ce, kuma yana da bakanike mai sifanar awo da fitilar taimin, zai ji daɗin kuɗinsa, in ya lissafa da kayan haɗin da aikin yini guda. Mai 1.8 mai ƙarfin doki 90 da nozul ɗaya tal, tsarin shan mansa ne zai tare shi, ribar ba za ta kai wahalar ba. Direban haya da ke lodin fasinja da buhuna zuwa Argungu ko Kamba kuwa, ƙarfin ja a ƙaramin juyi yake buƙata, daidai wanda wannan kamshaf ke ragewa, gara ya sa kuɗin a bel, fulogi da filta. Wanda ya riga ya saka, kada ya bar tsohon kamshaf a gareji. Ya shafe shi da baƙin mai ya naɗe a leda, ya jera tsofaffin tafet ɗin a kwalin ƙwai da lamba 1 zuwa 8, don in za a mayar, kowanne a ƙarƙashin tozon da ya saba zai koma.