Faifan Dream Theater ɗaya za ka iya saye? Ga zaɓina, ga kuma inda jabu ke ɓuya

Ƙanena da ke karatu a Turkiyya ne ya jawo wannan rubutu. Ya faɗa cikin wasu abokan karatunsa masu son Dream Theater, kullum musu suke a kan wace waƙa ce ta ɗaya, wace ce ta biyu, har kansa ya ɗaure. Sai ya kira ni: "Yaya, kuɗin faifai ɗaya gare ni, wanne zan saya?" Ya turo mini jerin da suka tsara. Kamar yadda aka saba, "Octavarium" da "A Change of Seasons" na kokawa a sama, "Learning to Live" na biye da su, an kuma wurgar da "Pull Me Under" can ƙasa don a nuna an wuce ajin 'yan koyo. Na ce masa ya ajiye jerin tukuna. Musun waƙa ɗai-ɗai hira ce mai daɗi, ni ma na sha raba dare a kanta, amma a kasuwa kundi ake saye, kuma mutanen nan kundi 16 suka fitar daga situdiyo, daga 1989 zuwa Parasomnia na 2025.

Ga wanda bai san su ba, makaɗan Amurka ne. Ɗalibai uku ne suka kafa ƙungiyar a 1985 a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston: John Petrucci mai jita, John Myung mai jitar bes, da Mike Portnoy mai ganga. James LaBrie, ɗan Kanada, shi ke rera musu tun 1991. Kiɗansu shi ake kira progressive metal, jita mai gurnani da ganga mai nauyi, amma waƙa takan kai minti 10 ko 20 tana sauya taku a tsakiya, yadda gwanin kalangu kan juya kiɗa ya bar mai rawa da ƙafa ɗaya a sama.

Zaɓina Metropolis Pt. 2: Scenes from a Memory ne, na Oktoban 1999, kuma ba na jin yana da na biyu. Sai ka san halin da suka fito daga ciki za ka gane zafin da ke cikinsa. A kundin da ya gabace shi, Falling into Infinity, kamfanin faifai ya matsa musu su yi gajerun waƙoƙin da gidan rediyo zai karɓa, har aka kawo marubucin waƙa daga waje ya sa hannu a ɗaya. Abin bai yi kasuwa ba, su ma bai yi musu daɗi ba. Da suka ƙwaci 'yancinsu, Portnoy da Petrucci suka riƙe aikin da kansu, Jordan Rudess ya shigo a kan fiyano, suka zauna suka yi waƙoƙi 12, wajen minti 77, duk labari ɗaya.

Labarin wani mutum ne, Nicholas, da mafarkai suka dame shi. Ya je wajen likitan da kan sa mutum cikin wani irin gyangyaɗi don tono abin da ke binne a ƙwaƙwalwa, a nan ya gano wai ya taɓa rayuwa a matsayin wata budurwa, Victoria, da aka kashe a 1928 tana tsakanin wa da ƙane. Maganar sake dawowar rai a wani jikin ba aƙidarmu ba ce, ni tatsuniya na ɗauke ta, kamar yadda ba wanda ke tambayar ko Gizo ya taɓa rayuwa. Abin da ya kama ni shi ne ɗinkin. Faifan na buɗewa da ƙarar agogo da muryar likita yana ƙirga daga 10 zuwa ƙasa, sai tattausar jita, sai ganga ta taso da "Overture 1928", kiɗa zalla babu murya, inda ake ɗanɗana maka kowane amo da za ka sake haɗuwa da shi a gaba. Kafin ka ja numfashi ka riga ka shiga "Strange Déjà Vu", ba ka san inda waccan ta ƙare wannan ta fara ba. Haka fiyanon "Through My Words" ke zuba kai-tsaye cikin "Fatal Tragedy". "Home" kusan minti 13 ce, da wani amo mai ƙamshin Gabas da kunnen da ya saba da waƙar Indiya zai karɓa nan take. "The Dance of Eternity" kuwa, wadda masu koyon ganga ke gwada kansu da ita, tana sauya taku fiye da sau 100 cikin minti shida. Amma ko ita, in ka zare ta ita kaɗai, nuna gwaninta ce kawai. Sai ka bar ta ta huce cikin "One Last Time", daga nan "The Spirit Carries On" ta zo da 'yan amshi irin na majami'a, sannan za ka san me ya sa katti ke share hawaye a wajen wasa. Shi ya sa waƙoƙin kundin nan ba su cika hawa saman jerin masoya ba: ƙuri'arsu rarrabuwa take yi. Da aka tambayi masu karanta mujallar Rolling Stone a 2012 kundin da ya fi a wannan fanni na kiɗa, shi suka ɗora a gaba.

Wanda kaɗai zan yarda a ja da ni a kansa shi ne Images and Words na 1992. Waƙa takwas ne, babu ta yarwa, a ciki "Pull Me Under" take, wadda tashar MTV ta yayata har ta fito da su duniya, a ciki kuma "Metropolis Pt. 1" take, uwar kundin da nake yabo. Muryar LaBrie a nan sabuwa ce fil, kafin gubar abinci da ya ci a Kuba a ƙarshen 1994 ta yi wa maƙogwaronsa lahanin da ya ɗauki shekaru yana jinya. Aibinsa ƙaramar gangar: sautin na'ura aka ɗora mata, kowane bugu iri ɗaya kamar ana buga ƙusa, shi kansa Portnoy ya sha kukan hakan. In ka sami kuɗin faifai na biyu, wannan ne.

Saura kuwa ba za su ci mini lokaci ba. Awake na 1994 yana da duhu da kyau, amma na wanda ya riga ya shigo gida ne. Falling into Infinity, na riga na faɗi yadda aka haife shi. "A Change of Seasons" minti 23 ce ta gaske, sai dai abin da ya cika sauran faifan waƙoƙin wasu ne suka maimaita a dandali. Octavarium na 2005 sayen sa ne don ƙaho: minti 24 na ƙarshe kake so, kafin ka isa can sai ka yi haƙuri. Train of Thought na mai son a yi ta dukansa ne ba hutu. Six Degrees of Inner Turbulence faifai biyu ne, ya yi wa baƙo yawa. The Astonishing na 2016, waƙa 34, sama da awa biyu, ban taɓa kai ƙarshensa a zama ɗaya ba. Zamanin Mike Mangini, wanda ya riƙe ganga bayan tafiyar Portnoy a 2010 har ya dawo a 2023, shi ya kawo musu lambar yabo ta Grammy a 2022 da "The Alien", na yarda, amma ba daga nan ake farawa ba. Tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi na 2008 kuwa kar ka kula shi, an datse wasu daga ciki.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci, don ni an sha ni. Shekarun baya na ga Scenes from a Memory a wata kasuwar intanet, sabo a leda, a kusan rabin kuɗinsa. Na biya, na biya kuɗin aiko da ya fi na faifan, na jira mako shida. Ranar da ya iso na kulle ɗaki, na sa abin ji a kunne. Agogo ya buga, likita ya ƙirga, "Overture 1928" ta hau har ƙololuwa, sai ɗif. Shiru na daƙiƙa biyu. Sannan "Strange Déjà Vu" ta faɗo kamar an turo ta daga bene. Na zaci na'urata ce. Na juya faifan a hasken taga, sai ga bayansa da shuɗi-shuɗi. Faifan kwafi ne, irin wanda kowa zai iya ƙonawa a kwamfuta, kuma manhajar ƙona faifai in ba a hana ta ba takan saka daƙiƙa biyu tsakanin waƙa da waƙa. A kundin da waƙoƙinsa ke zaman kansu ba za ka ma lura ba. A wannan, sau 11 aka yanka shi. Na rubuta wa mai kayan, ya ce in mayar a kuɗina. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: makaɗan ba su ga sisi ba, ni ban ji kiɗa ba.

Tun daga ranar ba na cinikin biri a sama. Kafin ka biya, ka ce a turo maka hoton bayan faifan, ba na kwali ba. Na gaskiya azurfa ne tas, na kwafi yakan yi shuɗi, kore ko shunayya. Ka ce a matso da kyamara kan zoben da ke kewaye da hujin tsakiya. Faifan masana'anta yana da jerin lambobi da haruffa a wurin, kuma daga 1994 aka fara buga wata 'yar ƙaramar lamba mai farawa da IFPI, sai ka karkata shi a haske za ka gan ta. Ka kai lambobin shafin Discogs, inda masu tara faifai suka jera kowane bugu da hotonsa, ka gwada. In mai kaya ya ce ba zai iya buɗe leda ba, ka sani injin naɗe leda ba tsada gare shi ba. Akwai kuma jabun da aka buga a masana'anta, azurfa ne shi ma, sai a littafin ciki ake kama shi: rubutu ya yi dishi-dishi, launi ya kwanta, ko shafukan baitoci su koma takarda ɗaya a ninke. Sai dai a yi adalci, bugun farko na Images and Words ya girmi lambar IFPI, don haka rashinta a kansa ba shaidar zamba ba ce. Ni a yanzu na fi yarda da na gwanjo mai ɗan ƙarzuwa daga hannun wanda ya nuna lambobi, a kan sabo mai araha.

Akwai tarkon da aka ɗana wa masoyan kundin nan musamman. Wasan da suka yi shi ɗungurungum a New York a shekarar 2000 ya fito a faifai mai suna Live Scenes from New York ranar 11 ga Satumba 2001, ranar da aka kai wa birnin hari, kuma bisa tsautsayi hoton bangon ya nuna birnin, har da tagwayen benaye, cikin wuta. Aka janye shi aka sauya bango, amma an riga an sayar da wasu. Yau wannan bangon na farko ake ɗora wa kuɗi. Bango takarda ne, kowa na iya bugawa, kiɗan ciki kuma ɗaya ne da na bugu na biyu. Haka faifan da aka ce duk su biyar sun sa hannu: alƙalami baƙi ba ya rantsuwa. Faifan wasannin dandali kuma, in ba ka ga tambarin Ytsejam Records ko jerin Lost Not Forgotten Archives ba, waɗanda na ƙungiyar ne da kanta, ka tsaya ka bincika, don da yawa wani ne ya naɗa daga cikin taro ya yi masa kwali.

Faifan garmaho ya dawo yayi, ƙanena ma shi ya so. Na hana shi. Minti 77 sai faifai biyu, fuska huɗu, ka tashi sau uku kana juyawa, yankan da nake gudu ke nan ka saya da tsada. Ga shi in ya taho da shi gida, rana ɗaya a bayan mota cikin zafin Afrilu ta isa ta lanƙwasa shi. Manhajar sauraro ta kyauta za ta jefo maka talla a tsakiyar labari. Mai tura waƙa a waya kuwa, in fayilolinsa ba su da lamba, wayarka za ta jera su bisa haruffa, "Finally Free", wadda ita ce ƙarshen labari, ta zo ta uku. In fayil za ka saya aka ce maka FLAC ne mai cikakken sauti, ka buɗe shi da 'yar manhajar nan ta kyauta, Spek. In ka ga hoton sautin ya yanke a miƙe kamar an sa reza a wajen kilohaz 16, MP3 ne mara ƙarfi aka sauya wa riga.

Abin da na ce wa ƙanena ke nan: ya nemi CD na gwanjo a shagon da za a bar shi ya saurara, ya tsallaka zuwa waƙa ta biyu, ya kai ta daƙiƙa 10 na ƙarshe, ya kasa kunne. In ta uku ta shigo bai ji ƙofa ba, ya biya.