Injiniyan Bayanai ko Mai Nazarin Bayanai: Wanne Ya Dace da Kai?

Ana yawan haɗa waɗannan sana'o'i biyu wuri guda, alhali aikinsu ya sha bamban. Mai nazarin bayanai yana karɓar alƙaluman da aka riga aka tsabtace, ya yi amfani da manhajojin nazarin alƙaluma irin su Excel ko Power BI ya fito da amsar tambayar shugabanni, kamar dalilin da ya sa ciniki ya ja baya a watan jiya. Ƙofar shiga wannan fanni tana da faɗi, kuma shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023 yana koyar da shi.

Injiniyan bayanai kuwa shi ne mai shimfiɗa bututun da bayanan ke bi. A banki, alal misali, shi ke tsara yadda cinikin dubban na'urorin POS zai kwarara cikin rumbu ɗaya kowane dare, ya tace maimaici, ya daidaita kwanan watan da wani reshe ya rubuta a juye. Idan bututun ya toshe da ƙarfe uku na dare, wayarsa ce za ta yi ƙara, domin in ba a gyara ba, da safe mai nazari zai tarar da shafi fayau. Saboda haka dole ya ƙware a harsunan kwamfuta na SQL da Python, ya san manhajar Spark mai sarrafa bayanai masu yawa da Airflow mai tsara jadawalin ayyuka, ya kuma iya sarrafa rumbunan intanet irin na AWS na kamfanin Amazon.

A ganina, wanda bai taɓa rubuta manhaja ba gara ya fara da nazari, domin SQL ɗin da zai koya a can shi ne tsanin da zai taka zuwa injiniyanci daga baya.