Bas ɗin Yamai zuwa Agadas: motar ta yi, hanyar ce da sauran magana

Duk mai niyyar zuwa Agadas daga Yamai ta ƙasa, shawarata ya shiga babban bas na kamfani, ya rabu da ƙananan motocin tasha. Ni fatauci nake yi. Ina kai shadda da atamfa, ina dawowa da dabino da kayan azurfa na maƙeran Agadas, kuma shekara da shekaru kamfani ɗaya nake bi. Ba zan kama sunansa ba, don akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa.

Tike tun jajibere ake yanka shi, da yamma kuma a kai kaya a auna, a manna musu lamba, a ba ka takarda. Wannan tsari ya kwanta mini a rai, domin ban taɓa neman ƙunshina na rasa ba. Mota tana tashi kafin asuba, kowa da lambar kujerarsa, ba a ɗora mutum a tsakiyar hanya ya zauna kan jarka. Ana tsayawa a yi salla a kan lokaci ba sai fasinja sun yi ta roƙo ba. Direbobi biyu ne suke karɓa-karɓa, kuma na lura ba sa taɓa waya in suna tuƙi. Daga Doso zuwa Dogon Dutsi har Birnin Ƙonni babu abin cewa: sanyi yana aiki, ana samun shayi da burodi, a Ƙonni a ci shinkafa da balangu a natse.

Ƙorafina biyu ne. Na'urar sanyi takan gaji da rana ta take, daidai lokacin da aka fi bukatarta, tagogi kuma ba sa buɗuwa. Na biyu ya fi ci mini rai: banɗakin tasharsu ta kan hanya bai dace da kuɗin da ake karɓa ba. Mu maza ma iya lallaɓawa, amma tsofaffi da mata masu goyo suna shan wuya. Buta da ruwa da mai shara ba za su karya kamfani ba.

Da an bar Tawa aka miƙi arewa, tafiya takan sauya kama. Wannan ita ce hanyar uraniyom, wadda aka shimfiɗa don kwaso ma'adinin Arlit, kuma wurare da yawa kwaltar ta farfashe har direba ya gwammace ya sauka ya bi rairayi a gefe. Shingayen bincike suna ƙaruwa, kowa katinsa a hannu. Hira takan ragu bayan Abalak, wasu su ciro carbi. Kusan kilomita 950 ne tafiyar gaba ɗaya, amma wannan kashin na ƙarshe shi ne mai nauyi, kuma a kansa na daina yarda da cewa sojan waje zai kawo mana zaman lafiya.

A gefen garin Agadas akwai sansani mai lamba 201, wanda Amurka ta kashe wa sama da dala miliyan 100. Daga 2019 jirage marasa matuƙa suka riƙa tashi daga can. Kafin su fice, Amurka tana da soja kusan 1,000 a Nijar, Faransa wajen 1,500. A cikin waɗannan shekarun ne aka kashe sojojinmu 71 a Inates a Disambar 2019, aka kashe 89 a Shinagodar wata guda bayan haka. A Maris na 2021 'yan bindiga a kan babura suka shiga ƙauyukan Tilliya, cikin jihar Tawa da motarmu take ratsawa, suka kashe mutum 137 a yini ɗaya. Jiragen da aka ce suna ganin komai daga sama suna nan, makiyayan Tilliya kuma ba su ga amfaninsu ba a ranar da suke bukata.

A wata tafiya na zauna kusa da wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ya daɗe yana bin hanyar Gao. Da na faɗi irin wannan magana sai ya ce, "Ɗana, kada ka manta da 2013. Da Faransa ba ta shigo Mali ba, da mutanen nan sun sha shayi a Bamako." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Gaskiyarsa ce kuwa. A Janairun 2013 sojojin Faransa na rundunar Serval sun tsayar da masu iƙirarin jihadi a Konna, cikin makonni suka ƙwato Gao da Tumbutu. Korar 'yan bindiga daga gari aiki ne da soja mai jirgi da kayan aiki ya iya. Abin da ya biyo baya shi ne bai iya ba. Rundunar Barkhane ta Faransa, wadda ta gaji Serval, ta yi daga 2014 zuwa 2022, ta kashe manyan kwamandoji, amma wutar ta bar arewacin Mali ta ci tsakiyar ƙasar, ta haura Burkina Faso, ta shigo mana Tilaberi da Tawa. Asalin makaman ma, da yawansu daga Libiya suka kwararo bayan NATO ta taimaka aka kifar da Gaddafi a 2011, kuma har yau ƙasar ba ta dawo da gwamnati ɗaya ba.

Dimokuraɗiyyar da aka ce za a gina a ƙarƙashin inuwar bindigar baƙi ita ma mun ga inda ta kwana. An yi zaɓe a Mali a 2013, Ibrahim Boubacar Keita ya hau, soja suka sauke shi a Agustan 2020, suka sake juyin mulki a 2021. Burkina Faso sau biyu a 2022. Mu nan, a 2021 aka fara miƙa mulki daga zaɓaɓɓen shugaba zuwa wani, ranar 26 ga Yulin 2023 soja suka tsare shugaba Bazoum, duk sojojin ƙawance suna cikin ƙasa. Talakan da aka kashe masa ɗa aka kore masa shanu ba ya fitowa kare akwatin zaɓe, kuma gwamnatin da jama'a suke ganin baƙo ne ya riƙe ta, kullum mutuncinta raguwa yake yi. Tun a Nuwambar 2021, da matasan Tera suka tare ayarin sojan Faransa har aka rasa rayuka, mai hankali ya san zaman ya ƙare.

Wanda zai ce to ai sun tafi, an huta, shi ma ya shigo motar nan. Faransawa sun fita a Disambar 2023, Amurkawa sun miƙa sansanin Agadas a Agustan 2024, Rashawa masu horarwa sun sauka Yamai a Afrilun shekarar. Shingaye ba su ragu ba, direba bai daina gudun dare ba, ana ci gaba da binne sojoji da talakawa a Tilaberi. A Janairun 2025 an sace wata 'yar ƙasar Ostiriya a cikin garin Agadas. Sauya baƙo da baƙo kamar sauya wa mota fenti ne alhali injin ne yake ciwo.

Abin da ya taɓa buɗe hanyoyin arewa, mutanen Agadas sun san shi. Lokacin tawayen Abzinawa sai da rakiyar soja ake tafiya. Yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995 ce ta kwantar da shi, kuma Aljeriya da Burkina Faso da Faransa sun taimaka, amma a teburin sulhu. A Satumbar 2000 aka ƙona makamai a Agadas. Tawayen 2007 ma da tattaunawa ya mutu a 2009. An ɗauki tsofaffin 'yan tawaye aiki, wasu suka zama magadan gari, Brigi Rafini, Ba'abzine ɗan Iferwan, ya yi shekara goma yana firaminista. Na san masu iƙirarin jihadi ba irin waɗancan ba ne, shugabanninsu ba kujera suke nema ba. Amma yaran da suke ɗauka, da yawansu rikicin rijiya da makiyaya da satar shanu ne ya tura su, kuma wannan shari'a ce ta sarakuna da alƙalai da gwamnatin da take zuwa ƙauye ba sai ranar karɓar haraji ba. A Janairun 2023 al'ummomin Banibangu, cikin jihar Tilaberi, sun zauna sun sa hannu kan sulhu a tsakaninsu. Irin wannan aikin nake so a zuba wa kuɗi.

Ana isa Agadas da dare, in hanya ta yi kyau. Sauke kaya yana tafiya da tsari, ba a ba kowa ƙunshi sai ya nuna takarda. Sau ɗaya mai ya taɓa ɓata mini turmin atamfa a cikin akwatin ƙasa, shugaban tasha ya duba da kansa, aka biya ni washegari ba tare da jayayya ba, kuma wannan yana cikin dalilan da har yanzu su nake bi.

In za ka tafi, nemi kujerar gaba ko ta tsakiya, domin ta baya tana jijjiga ƙwarai bayan Abalak. Sayi ruwa isasshe a Tawa, naɗe kaya masu daraja cikin leda kafin a auna, katin ɗan ƙasa kuma ya zauna a aljihun gaba. Mai tafiya da tsohuwa ko jariri ya gaya wa mai yankan tike tun farko, sukan ba da kujerar kusa da ƙofa.