Ofishin biye na Yamai da hanyar Jidda

Wani ƙaramin ofishin sayar da biyen jirgi ne kusa da babbar kasuwar Yamai, can na yanka wa Hajiyarmu na Umra. Daga Tawa muka taso, kilomita kusan 550 a bas, don haka abin da ya dame ni shi ne kada tsohuwa ta sake shan wata doguwar wahala.

Matar da ke kan tebur ta burge ni. Ta ɗauki takarda ta zana mana hanya: Yamai zuwa Jidda kilomita wajen 4,000 ne, jirgin da ya miƙe kai tsaye yakan yi awa biyar da ɗan wani abu. To amma biyen da ke hannunta duk na yada zango ne. In ta Adis Ababa ce, a yi kilomita kusan 4,000 zuwa can, sannan a ƙara wajen 1,400 zuwa Jidda. Ta Istanbul kuwa ƙarin ya kai 2,400. Ta ce, "Hajiya, Saudiyya ta riga mu da awa biyu, kada agogo ya ruɗe ki." Har keken guragu ta nema mata tun daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai, ban ma roƙa ba.

Inda suka gaza: ba a faɗa mana tsawon jiran canjin jirgi ba sai da na matsa, alhali shi ne ke karya tsoho. Ladansu ma da ɗan tsada, kuma wurin zama kujera uku ce kacal. Duk da haka, biyen ƙanena can zan yanka, sai dai da safe zan je, kafin a cika.