Buhun PICS, duro ko jarka: a ina za ka zuba wakenka?

Duk wanda ya taɓa kwance buhun wake da bazara ya tarar ya huhhuje, gari na zuba, ya san abin da ke tura manomi ga fiya-fiya. Ragowar irin wannan maganin ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Turawa sun ƙi, mu kuwa da shi ake yi wa yara ɗanwake.

Ni dai buhun PICS na riƙe. Jami'ar Purdue ta Amurka ce ta fito da shi, aka soma yaɗa shi a Yammacin Afirka a 2007. Riɓi uku ne, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, akwai mai cin kilo 50 akwai mai 100. Ka zuba hatsi, ka matse iskar, ka murɗe bakin kowace leda ka lanƙwasa ka ɗaure ta ita kaɗai. Ƙwarin da suka biyo waken daga gona su za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai ci ya tsaya, haihuwa ta tsaya, su mutu. Masara da dawa ma haka. Sai dai hatsin ya bushe sosai. Ciji ƙwaya ɗaya, in ba ta yi ƙas ba mayar da shi shanya. Ka ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓera, kuma ba wanda uwargida za ta riƙa ɗiban na girki kullum ba ne.

Duron ƙarfe ya fi ƙarfin ɓera, amma ga tsada, ga shi sai an cika shi taf, kuma wa ya san abin da ya ɗauko kafin ya iso hannunka? Jarka ta ajiye iri ce kawai.

Inda ake cutar mutane shi ne jabun buhun PICS. Bara waccan, ranar kasuwa, wani ya sayar mini da guda huɗu da rangwame. "Baba, kayan kamfani ne," in ji shi, ga suna an buga a jiki raɗau. Araha ta ruɗe ni, ko ledar ban zaro ba. Wata uku na kwance ɗaya, ƙwari suka taso mini a fuska. Ashe leda ce shara-shara, gindinta ma bai liƙu ba. Waken da na yi niyyar kaiwa kasuwar Dawanau ta Kano in farashi ya tashi, rabin kuɗi na rabu da shi.

Yanzu ko ɗan'uwana ne mai shagon sai na zaro ledojin biyu a gabansa. In ɗaga su a rana in duba inda ta ƙurje da inda ta sirance. In cika kowace da iska, in shaƙe bakin, in danna da gwiwar hannu. In ta saki, akwai huji. Wasu kan haɗa leda ɗaya mai kyau da ɗaya ta banza, wasu su wanke tsohuwa su ninke kamar sabuwa, don haka shinshina ma. Wanda ya hana ka gwadawa, ajiye masa kayansa ka yi gaba.